Zobban Motar Baba Mumuni

Samiratu tana kwance ƙarƙashin motar mahaifinta, tana kokawa da wani noti da tsatsa ta cinye, sai ta ga takalma sun tsaya daidai kanta, duk sun yi dabbare-dabbare da fenti.

"Masta, sannu da aiki. Motar nan ta sayarwa ce?"

Ta jawo jikinta waje, ta gyara ɗankwalinta da bayan hannu, ta dube shi sama da ƙasa. Dogo ne siriri, har girarsa akwai ɗigon farin fenti.

"Ni ba masta ba ce, ita kuma ba ta sayarwa ba ce."

Ya yi dariya ya ba ta haƙuri. Ya ce sunansa Tawfiq, feshin fentin mota yake yi a unguwar Maamobi, kuma ya daɗe yana hango motar daga tagar trotro, ƙaramar bas ta haya, duk lokacin da ya bi ta nan unguwarsu Nima. Ya zagaya ta a hankali, yana ƙwanƙwasa jikinta yana saurare. Da ya gama ya ce tsatsa ta ci gindin ƙofofi, amma ƙashin motar lafiyarsa ƙalau, irin wannan ƙarfen an daina yin sa.

Samiratu ta kau da kai. Tun rasuwar mahaifinta ba ta ji wani ya faɗi alheri a kan motar ba.

Tsohuwar a-kori-kura ce koriya. Albasa mahaifinta, Baba Mumuni, yake ɗauka da ita daga kasuwar Agbogbloshie, amma idan aka yi rashi a unguwa, sai ya sauke buhunan duk inda yake, ya wanke bayanta tas, ya zo ƙofar gidan rasuwar. Da hannunsa ya yi waldar zobban ƙarfe huɗu a bayan, inda ake ɗaure makara don kada ta zame a ramukan hanya. Bai taɓa karɓar komai ba. Shi ya sa Nima ta sa mata suna motar gawa.

Ranar da shi kansa ya rasu, motar ta ƙi tashi. Samari sun tura ta har suka gaji, daga ƙarshe motar haya aka ɗauko. Samiratu, wadda a lokacin take shekarar ƙarshe a makarantar fasaha tana karatun injin mota, ba ta yafe wa kanta wannan ranar ba. Mahaifiyarta ta riga shi tun tana ƙarama, babu wa babu ƙani. Ɗaki ɗaya ya rage mata a gidan gadon, da wannan motar.

Kawu Dramani, ƙanin mahaifinta, ya sha kawo masu sayen tsohon ƙarfe su auna ta da ido, ita kuma ta sha korar su. Matan gidan sukan fizge yaransu idan sun jingina da ita. Ƙawayenta duk sun yi aure sun watse unguwar Madina, idan suka haɗu a suna sai su dubi baƙin farcenta su kau da kai. Ta saba cin abincinta ita kaɗai a cikin motar, hannu ɗaya a kan sitiyarin da tafin mahaifinta ya goge har ya yi santsi.

Sati na zagayowa Tawfiq ya dawo da sanfefa ta goge tsatsa. Suka raba aiki: inji nata, bodi nasa. Aka ja motar zuwa rumfarsa a Maamobi, ita kuma idan ta tashi daga garejin da take aiki sai ta wuce can. Ya yanke inda ya ruɓe, ya yi waldar sabon ƙarfe. Ta kwance kafireta, ta wanke kowane yanki da fetur ta jera a kan tsumma. Tana son yadda yake aiki shiru, da yadda bai taɓa karɓar sifana daga hannunta ya ce kawo in yi miki ba.

Wata safiya saƙonsa ya shigo: "Injiniya, na kankare ƙofar direba, na tarar da shuɗi a ƙarƙashin koren, a ƙarƙashin shuɗin kuma fari. Motarki irinki ce, sai mutum ya yi haƙuri yake ganin abin da ke ciki."

Ta karanta sau biyu kafin ta amsa: "Mai Feshi, ka kula da aikinka. Ka karya kuwa?"

"Ban karya ba. Ina jiran mai kawo koko."

Ta kai masa koko da ƙosai. Daga ranar ba ta ƙara cin abinci ita kaɗai ba.

Cikin wannan tsakanin Kawu Dramani ya turo mata wani manemi, Wahab, mai sayar da motoci a Madina. Ya zo cikin mota mai sheƙi, ya tsaya nesa da rumfar saboda ƙura. Ya ce shi bai damu da baƙin man hannunta ba, sabulu zai wanke. Mota ma zai ba ta, in dai za ta rabu da wancan akwatin gawar. Samiratu ta saurari ƙarar injinsa, ta ce masa ya je a duba masa bel ɗin fanka kafin ya tsinke a hanya, ta koma ƙarƙashin boneti. Kawu ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarta.

Wannan bai dame ta ba kamar abin da ya biyo baya. Hajiya Asana, mahaifiyar Tawfiq, mai sayar da shinkafa da wake ce a bakin titi. Ran nan ta biyo da kanta ta kawo masa abinci. Tana shiga rumfar ta yi arba da bayan motar. Ta tsaya cak, ta ajiye kwanon a ƙasa, ta juya, ko gaisuwar Samiratu ba ta amsa ba.

Washegari Tawfiq ya faɗa mata, idonsa a ƙasa. Mma, mahaifiyar tasa, ta ce muddin motar nan tana nan, goro ba zai fita daga gidanta zuwa Nima ba.

"Kai me ka ce?"

"Na ce ta ba ni lokaci. Kin san tsofaffi da camfi. Ki bar min, Injiniya, zan gyara."

Ta bar masa. Kwana biyu aiki ya riƙe ta a gareji, ran na uku ta iso da yamma ta tarar ya fesa fentin farko da ake shimfiɗawa kafin na ainihi, motar ta yi toka-toka sumul kamar sabuwa. Ta hau bayan tana murmushi, ta shafa kusurwar farko. Hannunta ya wuce bai ci karo da komai ba. Ta shafa ta biyu, ta uku. Babu zobe ko ɗaya. An yanke su, an cike gurbin da foti, ƙullin toshe rami, an goge har ba a gane wurin.

Tawfiq ya fara bayani da sauri. Ya ce mai feshi ba ya barin tudu a jikin mota, kuma idan babu zobban, aka yi mata farin fenti, Mma ba za ta gane ta ba, mutane ma za su manta.

"Su manta da me?"

Ya juya yana goge hannu da tsumma, ita ta ci gaba.

"Mahaifina ya ɗauki rabin matattun Nima a kan zobban nan. Kowa ya ji kunyar motar, ban damu ba. Ban san kai ma kana ji ba."

"Don mu na yi, Samira."

"Da ka tambaye ni."

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta nemo motar ja, aka mayar da a-kori-kurar bakin lungunsu, daidai inda tayoyinta suka bar shaida a ƙasa.

Damina ta sauka. Ta sayi tamfol ta rufe motar, idan ruwa ya tsagaita ta yaye ta hau da sanfefa, tana kankare aikinsa mai kyau don ta gano inda zobban suke. Yatsunta suka tsage. Matan gidan suna wucewa da bokitai suna cewa ai dama sun san ba za a je ko'ina ba. Kawu ya sake kawo masu sayen ƙarfe, ta zauna a kan boneti ta harɗe hannu har suka tafi.

Saƙonninsa suna shigowa. "Injiniya, na yi kuskure. Ki bar ni in zo." Wani kuma: "Rumfa ta yi min faɗi. Kofin kokonki yana nan inda kika bar shi." Tana karantawa ta kife wayar. Ta koma cin abinci a cikin motar, sai dai yanzu kujerar gefenta ta zama ta wani, kuma babu kowa a kai.

Wata Asabar da hantsi ta ɗaura batir, ta yi bisimilla, ta murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya sake yi, sannan ya kama da wannan gurnanin da take ji tun tana goye. Ta ɗauko waya da sauri, har ta nemo sunansa, sai ta tuna. Ta ajiye ta, ta kifa goshinta a kan sitiyari. Motar tana rawa a ƙarƙashinta, ga lungu cike da mutane, babu wanda za ta ce wa zo ka ji.

Ƙwanƙwasa gilashi aka yi. Ta ɗago ta ga Hajiya Asana tsaye da lema. Ta kashe injin, ta fito ta durƙusa.

Hajiya ta matso. Ta kwance bakin mayafinta, ta zube zobba huɗu a kan boneti. Ta ce a ƙarƙashin matashin Tawfiq ta same su, naɗe a tsumma, da ta matsa masa ya faɗa mata abin da ya yi.

"Na ce ba na son ganinta. Ban ce a cire mata haƙora ba."

"Mma, ya ce tsoronta kike ji."

"Shi ya ce. Bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa masa ba."

Ta ɗora hannu a gefen motar. Ta ce sun zo Maamobi daga arewa ba su san kowa ba, Tawfiq yana goye, zazzaɓi ya ɗauke mijinta cikin irin wannan ruwan. Babbar kwata ta cika ta tumbatsa, duk direban da aka kira sai ya ƙi shigowa. Wani mai albasa da bai san ko sunansu ba ya shigo da baya-baya, ruwa har gindin ƙofa.

"Mata ba ma zuwa makabarta. Na tsaya a bakin lungu ina kallo har suka sha kwana. Abin da na gani na ƙarshe na mijina shi ne bayan motar nan, da igiya a cikin zobban nan. Ba tsoronta nake ji ba, 'yata. Kallonta ne ban iya ba. Ko godiya ban taɓa zuwa na yi wa mahaifinki ba, don kada in gan ta."

Sai a lokacin Samiratu ta yi kukan da ta riƙe tun farkon damina. Hajiya ta matso da lemar ta rufe su tare.

Da yamma ta rubuta masa: "Mai Feshi, injin ya tashi. Ka zo da na'urar walda."

Ya zo har da gudunsa. Ta nuna masa gurbin da ta tono, ta tsaya a kansa yana mayar da zobban ɗaya bayan ɗaya. Da ya cire gilashin walda, idonsa ya yi ja, ya ce hayaƙi ne.

"Wane fenti, Injiniya?"

"Ka sani."

"Na sani. Amma daga yau tambaya zan riƙa yi."

Da rana ta fito suka fesa wa motar kore, irin na Baba Mumuni. Samiratu ta ƙera mata rumfar ƙarfe ta tamfol da benci biyu masu naɗewa a gefe, don masu rakiya su daina tsayawa cikin ruwa. A cikinta dattawan Maamobi suka kawo goro. Kawu Dramani ya zagaya ta sau biyu, ya ce shi dama ya san ƙarfen nan ba na yarwa ba ne.

Ranar kai kayan amarya, gadonta aka ɗaure a zobban. Gwaggonni suka yi ta faɗa da suka ga amarya da lalle har gwiwar hannu ta buɗe ƙofar direba. Ta ce su yi haƙuri, giya ta biyu ba ta shiga wa kowa sai ita. Tawfiq ya haye baya ya riƙe katifa, abokansa suna yi masa tsiya wai tun yau an mayar da shi kaya.

An tanadar wa Hajiya Asana tasi da za ta bi su a baya. Ta dube ta, ta girgiza kai, ta kama ƙofar gefen Samiratu.

"A gaba zan zauna. Na gaji da kallon bayanta."

Samiratu ta murɗa makulli, motar ta tashi bugu ɗaya. Hajiya ta dafa hannun Samiratu a kan giya, ta roƙa wa Baba Mumuni rahama, ta roƙa musu zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ta ce Allah ya sa motar ta fi ɗaukar kayan biki. Daga bayan motar Tawfiq ya leƙo ta ƙaramin gilashi ya ce amin, matan gidan da ke bakin lungu su ma suka amsa, har da masu fizge yara.