Guntun Gawon da Aka Janye

Wanda ya karya ƙafar Inna Maimuna a filin ajiye motoci na bayan kasuwar Tasawa laifi biyu ya yi. Ya ji wa tsohuwa rauni, sannan ya gudu ya bar wani da laifin. Na biyun ya fi na farkon muni.

Ranar kasuwa ce, bayan azahar, aka kira komisariya, wato ofishin 'yan sanda, aka ce mota ta haɗa wata mai nono da bango. Kafin Insifekta Ishaƙu ya iso an kai ta asibiti, jama'a kuma sun kewaye direban motar. Sunansa Hamani, yana jigilar mutane da kaya tsakanin Hawandawaki da Tasawa. An yaga masa wuyan riga, takalminsa ɗaya ya ɓace. In laifin ya tabbata a kansa, permi ɗinsa na tuƙi ya tafi, shi kuma sai gidan kaso, ga iyali a ƙauye.

Filin gangare ne. Daga sama an raba shi da tsofaffin tayoyi da aka binne rabi a ƙasa, kowace mota da gurbinta. Tun zamanin da motoci ba su da faɗi aka auna guraben, ba wanda ya sake su. Daga ƙasa akwai bango, a jikinsa masu nono ke zama. Motar Hamani na nan, hancinta a jikin bangon, ƙorai a farfashe ƙarƙashinta.

Hamani ya rantse yana masallaci abin ya faru, ya ciro makullin daga aljihu ya nuna. Insifekta ya tambaye shi lafiyar motar, ya ce ƙalau take, birki da komai.

Insifekta ya shiga ya murɗa makulli. Ko tari motar ba ta yi ba. Ya ja birkin hannu, sai ya taso masa sakwaf.

"Wannan ce mai lafiyar?"

Hamani ya sunkuyar da kai. "Shef, tsoro na ji. Batir ya mutu tuni, birkin hannun ma haka."

"To yaya kake tashinta?"

Ya ce kamar yadda direbobin ƙauye ke yi. Kan gangare yake ajiye ta, hancinta na kallon ƙasa, ya bar ta cikin giya, ya tokare tayar gaba da guntun itacen gawo. In zai tafi ya janye guntun, ta gangara kaɗan ta kama. Ya ce ko zai manta hularsa, ba ya manta guntun nan.

Insifekta ya duba giyar. A sake take, ba a cikin ko ɗaya ba. Tagar direba kuma ba ta da gilashi, kowa na iya zura hannu. Ya sa aka kai Hamani komisariya, don a raba shi da masu son dukansa.

A asibiti ya tarar an ɗaure ƙafar Inna Maimuna. Likita ya ce karaya ce, za ta warke, za ta taka. Tsohuwar ta ce ba ta ji ƙarar inji ba sam, inuwa kawai ta gani ta rufo ta, kuma da ta ɗaga kai ba kowa a gaban sitiyari.

"Ɗana, in Hamani kuka kama, ku sake shi," in ji ta. "Shi ke ɗora mani ƙorai a kan kujerar motarsa don kar nonon ya zube. Yaya zai taka ni?"

Insifekta ya koma filin, ya hau har gurbin Hamani, wanda ke ƙarƙashin itacen dogon yaro, inda inuwa ta fi kyau. Guntun gawon na can gefe cikin shara, wurin da ba zai kai kansa ba. A gurbin da ke kusa akwai sawun taya sabuwa mai faɗi. Sawun ya shigo, ya hau kan tayar da aka binne, ya ci rabin gurbin Hamani, sannan ya koma da baya a karkace. A jikin dogon yaron ɓawo ya ɗaye. A gindinsa ya tsinci jan ɓallin fitilar baya, ya sa a aljihu.

Mai kula da filin, Dodo, ya ce shi bai ga wata mota ba, yana can bakin ƙofa yana fama da masu amalanke. Insifekta ya nuna masa sawun, ya tambaye shi ko motar daga sama ta sauko.

"Shef, motoci da yawa ke shiga ranar kasuwa."

"Masu irin wannan taya fa?"

Insifekta bai jira amsa ba, ya ci gaba:

"Tsohuwa na kwance, mutum na rufe a kan abin da bai yi ba. In ka san mai motar ka ɓoye, tare zan haɗa ku."

Nan Dodo ya sauko. Ya ce motar Alhaji Attahiru ce, mai sayen wake daga Mayahi. Tun da ya sayi babbar motar nan ba ta shiga gurbi ɗaya, in ta shiga ƙofa ba ta buɗuwa. An sha ce masa ya ajiye ta can waje inda manyan motoci ke tsayawa, ya ce shi ba ya barin motarsa a rana. Kullum gurbi biyu yake ci. Dodo ya ce bai ga abin da Alhaji ya yi ba, amma ya ga fitarsa a guje, kuma ya yi shiru ne saboda Alhaji mutum ne mai kyauta.

Ba a sha wahalar samunsa ba. A ƙofar sitonsa na nan Tasawa motar take, an gindaya ta ta toshe ƙofar maƙwabci, wata mata na ta kewaya da tulu. Alhaji na zaune kan kujera. Ya ba Insifekta hannu ɗaya, ya ce yau ko kusa da filin bai je ba.

Insifekta ya zaga bayan motar. Fitilar dama a fashe take.

"Wannan fa, Alhaji?"

"A gida ne, satin da ya wuce. Ƙofar gareji ce."

Insifekta ya ciro ɓallin ya ɗora a wurin. Ya zauna daram. Ya sa yatsa ya kankaro ɗanyen ɓawon itace daga jikin ƙarfen, ya miƙa masa ya ce ya sansana, ko ƙofar garejinsa dogon yaro ce.

Alhaji ya dubi mutanen da suka fara taruwa, ya roƙi a shiga daga ciki a yi magana. Insifekta ya ce a nan za a yi ta.

"Matsar da motar Hamani kawai na so yi," in ji Alhaji, murya ƙasa ƙasa. "Taku biyu, in samu wurin shiga. Na cire giya, na janye itacen, na ce in ta motsa in ja birkin hannu. Na ja, bai kama ba."

"Da ta tafi fa?"

"Na ji ihun mata. Sai na shiga tawa."

"Ka san an kama Hamani?"

Ya ce ya sani.

Ana shigar da shi motar 'yan sanda yana tambaya wa zai kula masa da tasa motar. Maƙwabcin ne kaɗai ya ce don Allah a janye ta daga ƙofarsa.

Kafin la'asar ta wuce aka saki Hamani. Da aka gaya masa tsohuwar za ta taka, sai ya zauna a ƙasa a bakin komisariya ya rufe fuska da hannu, ya daɗe a haka. Insifekta bai sassauta masa ba. Ya ce motar ba ta barin wurinsu sai an gyara birki an sa batir, kuma in ya sake ajiye ta saman masu nono sai ya gamu da shi. Hamani ya ce ya yarda, ya nemi a nuna masa ɗakin da Inna Maimuna take. Dodo kuma aka karɓe filin daga hannunsa.

Kotu ta ɗaure Alhaji Attahiru wata shida a gidan kaso, ta karɓe permi ɗinsa, ta ɗora masa jinyar Inna Maimuna har ta warke.