Baƙuwar Bayan Randa

Ruwan yamma ya ɗauke gab da magariba, ya bar garin Tsaskiya shiru, ba ka jin komai sai ɗigar indararo. Kande na tsugune a madafa tana fama da ɗanyen itace lokacin da dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin 'yarta Mahfuza. Ta ɗaga kai, ba ta ga kowa ba. Wani dutsen ya sake faɗowa. Daga cikin ɗakin kuma tari ya tashi, mai kauri, kamar na tsohuwa.

Tun da damina ta yi nisa yarinyar ke kwana a zaune, ƙirjinta na kuka, idanu jajaye. In aka kai ta Batsari wurin gwaggonta sai ta warware. Tana dawowa gida, ciwo ya dawo. A bangon ɗakin wani baƙin tabo ya tsiro daga ƙasa yana hawa sama. A goge shi yau, gobe ya fito. Tufafin cikin adaka suka yi fari-fari, suna warin tsohon rami.

Kande ta ce sammu ne. Ta daina gaisawa da maƙwabciyarta Zuwairatu, ko gishiri ba ta karɓa daga gidanta. Maigida Barau shi ma ya fara yi wa ƙanensa wani irin kallo, don sun taɓa rigima kan gona.

Ranar da Mahfuza ta dubi uwarta ta yi dariya da muryar da ba tata ba, Barau ya hau babur ya ɗauko Malam Sharhabilu, mai ruƙiyya a Batsari. Malam ya daɗe tsaye a bakin ƙofa yana shaƙar iskar ɗakin kafin ya zauna ya fara karatu. Can jikin yarinyar ya sanƙare.

"Wa ya turo ki?" in ji Malam.

Muryar tsohuwa ta amsa daga bakin yarinyar: "Ba wanda ya turo ni. Masu gida suka gayyace ni."

"Ƙarya take, Malam," Kande ta ce daga bayan labule. "Ta faɗi sunan matar."

"Wace mata? Randarki ke yoyo a jikin bango. Ke kike shanya jiƙaƙƙen zane cikin ɗaki. Mijinki ya liƙe taga da laka don tsoron ɓarayin daji. Ni kuwa inda laima take, nan nike. Fumfunar nan shimfiɗata ce, ita yarinya ke shaƙa."

Barau ya sunkuyar da kai.

"Za ki fita," in ji Malam.

"Ku bar ni zuwa kaka."

"A'a."

"To ku bar mini bayan randa kawai, ba zan ƙara taɓa ta ba."

Malam ya ci gaba da karatu, muryarsa ba ta tashi ba, ba ta sauka ba, har aljanar ta fara magiya. Ta yi rantsuwa ta bar ɗakin nan. Mahfuza ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta.

Malam ya ce a fasa tagar a sa mata ƙarfe, a janye randa, a kankare bango a bar shi ya bushe kafin a shafa farar ƙasa, wanda zai kankare ya ɗaure hancinsa. Yarinya kuma a kai ta asibitin Safana a duba ƙirjinta.

Da safe aka kama aikin. Barau na cikin fasa laka Kande ta tsaya cak a tsakar gida.

"Maigida, mi ta rantse ta bari?"

"Ɗakin."

"Ɗakin kaɗai ta ce. Ba ta ce gidan ba."

Barau ya ajiye diga. Suka shiga ɗakin da jaririnsu ke barci, suka kama gadon suka janye daga bango. Baƙin tabo na nan, bai fi tafin hannu ba, yana naso. Kande ta sunkuci ɗanta ta fito da shi rana.