Giyabos Ɗin da Bube Ya Ɗaura

Rana tsaka suka faɗa wa rumfar 'yan albasa a kasuwar Goronyo. Uku da bindiga, na huɗu a mota.

"Kowa ƙasa! Alhaji, jikkar nan, miƙo ta!"

Dillalin ya miƙa, ko kai bai ɗaga ba. Nasrullahi direba yana cikin tsohuwar motarsu, ƙafa kan kuloci, inji na kaɗawa. Bai san abin da yake zaune a kai ba.

Jiya ne ya kai motar garejin yayansa Bube a Wurno, giya ta ƙi shiga. Bube ya buɗe but ɗin bayan motar, ya ga tabarma a naɗe. Ya ɗaga ta, ya ji nauyin ba na tabarma ba ne.

"Ina za ku da wagga akwala?"

"Biki, Yaya."

"Inna ta san Zaharaddeen kake tuƙa ma?"

"Inna ta san tuwo na zuwa. Kai dai gyara muna, Oga na jira."

Bube ya san in ya ƙi, wani bakanike zai yi. In ya kai ƙara, gawar yaron za a kawo masa. Giyabos biyu gare shi a ƙasa, a ido kamarsu ɗaya. Guda na shekarar motar ne. Ɗayan na wadda ta biyo bayanta ne, sandarsa ta gaza kaɗan, da bakin haƙora kawai take kama faifan kuloci. Shi ya ɗaura. A tunaninsa, kafin Goronyo haƙoran sun cinye, mota ta mutu a hanya, fashi ya fasu, ƙanensa ya dawo gida a ƙafa yana zaginsa.

Ƙarfen ya jure. Ya kai su.

Yanzu sun bar kwalta, sun kama hanyar daji ta Rabah. A bayansu motar sintiri, Sufeto Isah a gaba.

"Yallaɓai, sun yi muna nisa," in ji direbansa.

"Bi sawun taya dai."

A yashin wata busasshiyar ƙorama Nasrullahi ya sauko giya ta biyu, ya taka — ƙarrr! Inji na ihu, taya a tsaye. Ya sake. Haka dai.

Zaharaddeen ya juyo. "Mi yaf faru?"

"Giya ta saki, Oga."

"Wa yag gyara ta?"

Jiniya na matsowa.

"Yayanka na, ko? Kun sai da mu."

"Wallahi Oga, Yaya ba ya—"

Harbi ɗaya Zaharaddeen ya yi, Nasrullahi ya kife kan sitiyari. Suka watse a ƙafa. 'Yan sanda suka harbe guda a gaɓar ƙoramar, guda ya ɓace a daji. Zaharaddeen kuwa makiyaya ne suka tare shi da sanduna, suka miƙa shi da karyayyar ƙafa.

Washegari aka kawo gawa Wurno. Inna tana ɗaka. Bube ya naɗe hannun riga zai yi wa ƙanensa wanka. Liman ya dubi hannuwansa, baƙin mai har cikin farata.

"Malam Bube, wanke su tukuna."

Ya tsuguna bakin rijiya da sabulu da toka, yana cuɗawa. Yana nan yana cuɗawa har wani ya yi wankan, aka ɗauki makara.