Tabon Haƙora a Kafaɗar Baba Jalilu

A unguwar Nima, a lungun da ke gangarawa bakin babbar kwata, akwai wani tsoho mai suna Baba Jalilu da jikarsa Zalia. Su biyu kaɗai suka rage wa juna. Mahaifin Zalia ambaliya ta tafi da shi a wata damina, mahaifiyarta kuma ba ta daɗe ba ta bi shi. Ɗakinsu shi ne na ƙuryar gidan gado, inda a da ake ɗaure tumaki. In ruwa ya sauko sai su jera robobi a ƙasa, su takure a gefe guda suna jiran ya ɗauke. Ba su da fansho, ba su da mai leƙowa ya ce musu sannu. Amma abin da ya fi ci wa tsohon rai ba yunwa ba ce, suna ne. Ya yi aikin soja, ya je Laberiya cikin rundunar kiyaye zaman lafiya lokacin da wuta ke ci a can, amma takardunsa na bariki sun ce ya gudu daga bakin aikinsa. Lambar bajintar da ta dace da shi kuwa tana rataye a falon Alhaji Abdul-Razak, ɗan wan mahaifinsa da suka yi soja tare, mai bene a unguwar Maamobi.

Kullum da yamma, in ya dawo daga turin kurar albasa a kasuwar Agbogbloshie, sai ya tuɓe riga ya zauna a kan turmi, Zalia ta lakato man kaɗanya ta murza masa baya. Yatsunta sun san bayan nan kamar yadda suka san hanyar bakinta. A kafaɗar dama akwai wani tabo mai zurfi, zagayayye, tabon haƙoran mutum, kuma a layin sama, daidai tsakiya, akwai ɗan fili da haƙori bai taɓa ba.

“Amaryata, danna nan sosai,” in ji shi, don haka yake tsokanarta. “Ko ba ki ci tuwo ba ne?”

“Angon da bai kawo kifi ba, ai bai isa a danna masa ba,” in ji ta.

Sai ya yi 'yar dariya, dariyar ta mutu a hanya. Labarin tabon kuwa ta sha jinsa, kuma bai taɓa sauya ko kalma ba. Wata safiya a Laberiya aka sa Abdul-Razak cikin masu rakiyar wani sabon laftanan, shi kuma Jalilu aka sa shi gadin ma'ajiyar abinci. Abdul-Razak ya zo yana riƙe da ciki, yana roƙo da zumunci, ya ce su yi musanya a tsakaninsu ba sai manya sun ji ba. Jalilu ya shiga mota a madadinsa. A wata gada 'yan tawaye suka buɗe musu wuta, duk na cikin motar suka mutu, sai shi da laftanan ɗin, wanda ƙafarsa ta ragargaje, jini ya rufe masa idanu. Jalilu ya goya shi kamar jariri, ya ɗaure shi da tsumman tanti, ya kutsa daji. Da suka zo wucewa kusa da masu bindiga, zafi ya kai wa laftanan karo, don kada ya yi ihu sai ya dasa haƙoransa a kafaɗar mai goyonsa... Jalilu bai ce uffan ba har suka tsira. Yana sauke shi a hannun wasu sojojin wata ƙasa sai shi ma ya faɗi, zazzaɓi ya kwantar da shi a wurinsu. Kafin ya dawo cikin nasu, an riga an rubuta abin da aka rubuta: sunan da ke cikin rakiya shi ne gwarzo, sunan da ke gadin ma'ajiya ba a same shi a wurin aikinsa ba.

Da ma a nan abin ya tsaya! Amma Abdul-Razak, wanda ya ga cizon a sansani, ya riga shi dawowa Nima, ya zauna a tsakar gidan gado ya ce wa dangi, da alhini a fuska, wai Jalilu wurin wata mace 'yar Laberiya ya tare ranar, in ba su yarda ba su duba kafaɗarsa, za su ga inda ta cije shi. Aka sallami Jalilu daga soja ba girma ba arziki. Matarsa Amama, wadda ta yi ta azumi tana roƙon Allah ya dawo mata da shi, ta ɗaga rigarsa ta duba, ta saki rigar, ba ta ƙara kallon idonsa ba. Ta ci gaba da dafa masa abinci, ta ci gaba da wanke masa tufafi, amma dariya ta ƙare a tsakaninsu har ranar da aka kai ta makwancinta. Yaran unguwa kuma suka laƙaba masa Baba Cizo, suka girma suka haifi wasu yaran, su ma suka gaje sunan.

Shekara da shekaru yana hawa trotro, motar haya, zuwa ofishin da ake ajiye tarihin tsofaffin sojoji. Da can shi kaɗai yake zuwa, da yanar ido ta fara rufe masa gani sai Zalia ta riƙa riƙe masa hannu. Su zauna a benci tun hantsi har la'asar, a ce mai sa hannu ya yi tafiya, a ce a dawo bayan salla, a ce an ɗaga zaman. A zuwansu na ƙarshe wani matashin ma'aikaci ya dube shi da tausayi, ya kira shi tsoho da Turancin titi.

“Olman, ba wai na ƙi ka ba ne. Amma takarda ba ta gyaruwa da rantsuwa. Kawo mutum mai rai wanda ya gani da ido. In babu, wallahi a zama mai zuwa za a rufe maganar nan, ba a sake buɗewa.”

“Ɗana, waɗanda suka gani suna ƙarƙashin ƙasa. Wanda na goya kuwa bai ga fuskata ba, kuma an ce tuni ya bar ƙasar.”

Da suka sauka daga motar dawowa sai ya bi da su ta Maamobi, ya tsaya a ƙofar benen Alhaji, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, tsoho da furfura, yana roƙon ƙaninsa.

“Razak, ba na son lambar. Riƙe ta. Je ka faɗa musu kawai cewa ban gudu ba. Mu duka mun kusa kabari...”

Alhaji ya gyara babbar rigarsa, ya dubi mutanen da ke zaune a dakali. “Kun ji ko? Tsufa ya fara taɓa shi. Jalilu, ranar Asabar za a naɗa ni Sarkin Yaƙin Zango, kada in ga ƙafarka a wurin. In ka ƙara kai sunana bariki, ɗakin tumakin ma sai ka bar shi, kai da wannan mai kama da tsintsiyar.”

Mutanen dakali suka yi dariya. Da suka isa gida tsohon ya yi alwala, ya daɗe a kan buzu, Zalia ta ji yana cewa a hankali, “Ya Allah, na gaji. Kai ka gani. In ka ga dama ka bayyana, in ba ka ga dama ba, na bar maka.” Sannan ya tattara 'yan takardunsa ya cusa a ƙarƙashin katifa, ya ce ba zai sake hawa trotro saboda su ba. Zalia ta juya fuska ga bango ta yi kuka har numfashinta yana sarƙewa, ba ta bari ya ji ba.

Ranar Asabar aka toshe titi da rumfuna da kujerun roba, lasifika tana tashi, mata sun sha anko, tukwanen waakye, wato shinkafa da wake, suna turiri. Zalia ba gayyatarta aka yi ba. Ta zo ne da farantin ruwan leda a ka, ko ta samu na cefane. Alhaji yana zaune a tsakiya, lambar tana walƙiya a ƙirjinsa. Can bayan azahar babban ɗansa ya karɓi abin magana, yana fara'a, ya ce su 'ya'yan Alhaji sun ɓoye masa wata kyauta: sun yi ta cigiya a waya har sun gano hafsan da mahaifinsu ya ceta, sun kawo shi daga ƙasar waje don ya yi godiya da bakinsa. Aka buɗe wata mota, wani dogon tsoho ya fito yana dogara sanda, ƙafarsa ɗaya ta roba. Kanar Agbeko ke nan, mai ritaya. Jama'a suka ɗauki kabbara. Alhaji kuwa murmushinsa ya tsaya cak kamar an liƙa shi.

Kanar ya yi magana da Hausar bariki, a kakkarye amma ana ganewa. Ya ce bai taɓa ganin fuskar wanda ya cece shi ba, sunansa kawai aka faɗa masa a asibiti. Ya ce abin da yake tunawa shi ne bayan mutum, da warin zufa, da wata addu'a da mutumin yake ta maimaitawa. Sai ya juya ga Alhaji.

“Akwai abu ɗaya ban faɗa wa kowa ba, ko matata. Na cije shi. Kamar kare na cije shi, har na ji nama a bakina, shi kuwa ko tari bai yi ba. Ɗan'uwana Razak, buɗe kafaɗa in gani. Ina so in sa hannuna a wurin in ce ka yafe ni.”

Ya yi murmushi cikin hawaye, sai Zalia ta ga bakinsa: wushirya ce mai faɗi a tsakiyar haƙoransa na sama. Farantin ya suɓuce daga kanta, ledojin ruwa suka fashe a ƙasa.

“Ai... ai ya warke tuntuni,” in ji Alhaji, yana ƙanƙame wuyan rigarsa. “Kuma ba a tuɓe riga a gaban mata.”

Babu wanda ya girma a Nima da Maamobi da bai san kafaɗar da aka ciza ba, ai su suka yi ta waƙe ta. Wata tsohuwa mai sayar da koko ta dafe ƙirji. “Innalillahi... Baba Cizo!”

“Kakana ne!” Zalia ta ƙwalla. “Kafaɗar dama! Kullum ni nake shafa masa mai! Wallahi kakana ne!”

Ba ta jira ba, ta ruga. Ta sami kakanta a bakin kwata yana gyaran tayar kurarsa. Ya ce ba za shi ba, an hana shi, kuma ya gaji da zama abin dariya. Ta durƙusa ta riƙe ƙafafunsa. “Kaka, ka taɓa yi mini ƙarya? To zo, yau ɗaya kawai. In suka yi dariya, ni ma ba zan sake tambayarka ba.” Ya dube ta da idanunsa masu yana, ya miƙa mata hannu.

Jama'a suka dare suka ba su hanya. A gaban Kanar, tsohon ya zame tsohuwar rigarsa mai warin albasa. Kanar ya ɗora yatsu a kan tabon, ya bi shi a hankali har ya zo kan ɗan filin nan na tsakiya, sai ya kai ɗaya hannun ga nasa bakin. Sandarsa ta faɗi. Ya rungume Baba Jalilu ta baya, ya kifa fuska a kafaɗar yana kuka kamar yaro.

“Wannan bayan ne... Allah, wannan bayan ne! Me kake ta faɗi a dajin nan?”

“Hasbunallahu wa ni'imal wakil,” in ji Baba Jalilu. “Ranka ya daɗe, ka yi nauyi ranar.”

Mata suka fashe da kuka, har da mazan da suka yi dariya a dakali. Mai unguwa ya naɗe rawanin da aka tanada ya mayar cikin jaka. Babban ɗan Alhaji ya tsaya a gaban mahaifinsa. “Baba, buɗe kafaɗar. Don Allah buɗe, ka ƙaryata su.” Alhaji bai buɗe ba. Ya sulale ta bayan rumfa, samarin da suka sha jin labarin musanyar suna bin sa da ihu, “Chale, aboki, ina ciwon cikin? Ya warke?” Daga ranar ko masallacin unguwa bai ƙara iya shiga sahun gaba ba.

Kanar da kansa ya tsaya a gaban masu zaman ofishin tsofaffin sojoji, ya ba da shaida. Aka goge kalmar gudu daga takardun Baba Jalilu, aka karɓe lambar daga Alhaji, aka buɗe masa fansho, dangi kuma suka zo da kunya suka kwashe kayan tsohon da jikarsa daga ɗakin tumaki zuwa ɗakin gaba. Ranar da aka maƙala masa lambar, Zalia ta zaci zai zagaya Nima da ita kowa ya gani. Amma suna fitowa sai ya cire ta ya sa a aljihu, ya ce ta kai shi maƙabarta. Suka tsaya a bakin wani tsohon kabari da ciyawa ta kusa rufewa. Ya tsuguna da ƙyar, ya yi sallama, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce da muryar da Zalia ba ta taɓa ji ba:

“Amama, namiji ne ya cije ni. Na faɗa miki... yau kowa ya ji.”

Hawaye suka bi furfurar gemunsa, ya bar su suna zuba. Zalia ta tsaya a bayansa, hannunta a kan kafaɗar dama. A nan ta gane cewa duk shekarun nan ba lamba kakanta yake nema ba. So yake kakarta ta san bai ci amanarta ba.