Tara-Cikin-Goma Ya Leƙa Abin Da Ba Nasa Ba

Zargi da leƙen asiri mugun ciwo ne, mai shi yake fara kayarwa. Ku saurara.

Wata tela, autar gidansu, ta kai wayarta rumfar mai gyara, don burauzarta, manhajar shiga intanet, na shan data kamar rairayi. Saurayin ya sa mata wata ƙarama mara nauyi. Da ya miƙo wayar suka haɗa ido, ƙusar hannunsa ta faɗi.

Da la'asar saƙo ya shigo: "Autata, ƙaramar na gudu? Ni dai aiki ya gagare ni."

Ta amsa: "Sarkin surutu, nemi ƙusarka tukuna."

Soyayya ta ƙullu har aka kai zancen aure gida, Baba kuwa ya ƙi. Ya fi son ta auri wakilin kamfanin babbar burauza, wanda ake kira Tara-Cikin-Goma, don kullum cewa yake: "Waya goma, tara tamu ce. Kwamfuta kuwa ba a magana." Shi ya saita kwamfutar Baba da ta Auta da na rabin shagunan layin.

Sai Auta ta lura duk abin da ta bincika, washegari yana bakin wakili. Ta zargi yayarta. Daga nan ta zargi mai gyara, tunda shi ya taɓa wayarta. Kwana bakwai ta yi masa shiru.

Ya rubuto: "Hasken idona, in na yi laifi faɗa min. Bulala ta fi wannan shirun sauƙi."

Ana haka wakili ya faɗo falo da takarda. "Baba, dubi! Agogon maza ta nema, har da tabarau na masu gyaran waya!"

Baba ya dube shi. "A ina ka gani?"

"Ai asusuna na intanet na bari a buɗe a burauzar kwamfutarta. Duk inda ta shiga, yana fito min a waya."

"To, tawa fa, da ka saita?"

Wakili ya hau sosa ƙeya. Ramin mugunta, an ce a gina shi gajere.

Auta da ta ji komai ta ruga rumfa, ta kwashe labari ta ba mai gyara. "Ka yafe ni, na zarge ka a banza."

"In da agogon kika zo, na yafe," ya ce yana dariya.

Baba da kansa ya sa rana, aka ɗaura aure. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.

Wakili kuwa ya rasa budurwa, ya rasa yardar dattijo. Shaguna goma sha biyu suka kira ango ya goge saitin wakili, kamfani kuma ya karɓe katin aikinsa.