Ruwan Zafin Magariba

Ana kiran sallar magariba dutsen farko ya faɗo a kan rufin gidan Ilyasu a Gwarinpa. Ya leƙa, ba kowa. Washegari a daidai lokacin aka sake jifa, sai ga 'yarsa Rumasa'u ta zube a tsakar gida tana ihu wai ana ƙona ta, alhali jikinta sanyi ƙalau.

Ilyasu ɗan boko ne na gaske. Aikinsa tace ruwan haɗa allura a wani kamfanin magani, ruwan da sai ya zama tururi ya sake komawa ruwa kafin a yarda da shi. Irinsa ba ya saurin cewa aljanu. Ya zargi maƙwabciyarsu Perpetual. Ya zargi abincin makaranta. Har matarsa Sa'adiya ya fara yi wa tambayoyin 'yan sanda. Asibiti biyu suka ce ba su ga komai ba, yarinya kuwa sai ramewa take. Nan tsoro ya kama shi.

Sa'adiya ce ta kira Malam Aminullahi, mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar. Malam ya tambayi laifin Rumasa'u.

"Ba ta da laifi. Ubanta ne," in ji muryar.

Ta ce a kwatar bayan kamfanin take zaune da 'ya'yanta. Kullum magariba tafasasshen ruwa ke sauko musu, ba bisimilla, ba gargaɗi.

Nan take Ilyasu ya gane. Da ruwan zafi ake wanke bututun kamfanin kowace rana, a zubar a kwatar. A da wani dattijon ma'aikaci ke buɗe famfon, da bisimillarsa. Ilyasu ne ya mayar da aikin ga na'ura mai agogo, don a tashi da wuri a kauce wa cunkoson hanya.

Tsohuwar ta nemi a daina zubarwa ɗungurungum. Malam ya ƙi, ya ce allurar marasa lafiya ba ta yiwuwa da bututu mai datti. Aka daidaita: mutum zai tsaya ya yi gargaɗi da bakinsa kafin ruwa ya sauka. Rumasa'u ta yi atishawa, ta buɗe ido ta nemi abinci.

Har yau in rana ta faɗi za ka ga Ilyasu da farar rigar aikinsa, tsaye a bakin kwata yana sallama. Abokan aiki na raɗa cewa oga ya taɓu. Bai taɓa musa musu ba, kuma ko hutun ƙarshen shekara ba ya karɓa.