Na'urar da Ta Maye Gurbin Yatsun Baba

Ƙarfe takwas da rabi na safe aka kira caji ofis daga asibitin unguwa, wai an yi sata a ɗakin tiyata. Sufeto bai so zuwa ba, don wanda ya aike shi yaron da shi ya koya wa rubuta rahoto ne, yau kuma shi ne oga. Ya haɗiye abin, ya ɗauki hularsa.

Likitar da ke sa marasa lafiya barci ce ta tare shi, matashiya, idonta ya yi ja.

"Me aka ɗauka?"

"Na'urar da muke maƙala wa mutum a yatsa, Yallaɓai. Ita ke nuna iskar da ke cikin jininsa da bugun zuciya. Guda ɗaya gare mu. Ga yarinya can 'yar shekara tara, hanjinta ya murɗe, likitan tiyata ya ce kada a wuce azahar."

"To ku yi mata aikin mana."

"Ƙa'ida ce a duniya duka, ba a sa mutum barci babu ita. Iska za ta iya yanke mata ba mu sani ba, sai leɓenta ya yi baƙi. Na aika a aro, amma asibitin da nisa."

Sufeto ya duba ƙofa, ba a ɓalle kwaɗo ba. Ga kayan da suka fi ta tsada birjik, ba a taɓa ba. Abin da ya tsayar da shi wayar cajin ce: an naɗe ta tsaf, an kashe soket. Shekararsa ashirin da uku yana bin ɓarayi, bai taɓa ganin mai ladabi haka ba.

Ya kira mai shara.

"Ban ga kowa ba, ranka ya daɗe."

"Kin share ɗakin?"

"Tas."

"To wa ya naɗe wayar nan?"

Ta kalli wayar, ta kalli ƙasa. "Ni dai ba ni ba ce. Irin naɗin Baba Yatsa ne. Amma don Allah kada a ce ni na faɗa, ko allura bai taɓa ɗauka ba."

Baba Yatsa tsohon nas ne. Shekara talatin shi ke sa mutane barci a asibitin, yatsunsa biyu a wuyan hannun mara lafiya, idonsa a leɓe. Da likitar ta dawo daga kwas da na'ura da takardar ƙa'idoji, aka mayar da shi ɗakin ajiye magani.

A baranda Sufeto ya iske uban yarinyar, makanike, yana ta murza hula.

"Yallaɓai, me ake jira ne? Tsohon nan ya ce min shi zai kwantar da ita da hannunsa, kada in damu."

"Yaushe ya faɗa maka?"

"Wajen bakwai, da muka iso."

Sai ƙarfe takwas aka gane na'urar ta ɓata.

Baba Yatsa na zaune cikin kwalayen magani. Ta wuyan farar rigarsa Sufeto ya hango koren kayan tiyata, faratansa kuma sabon yanka.

"Baba, ka shiga tiyata yau?"

"Ni? Wata takwas rabona da can. An ce hannuna ya tsufa."

"Kayan da ke jikinka fa?"

"Sanyi nake ji."

Gumi ke bin goshinsa. Sufeto ya jawo kular abincin da ke ƙarƙashin tebur, ya ji ta ba nauyi. Ya buɗe. Ga na'urar nan an lulluɓe ta da tawul mai tsabta, kamar jinjiri.

Ya miƙa wa kofur ɗin da ya rako shi. "Ruga da ita."

Tsohon bai yi musu ba. Muryarsa ce kawai ta sauya.

"Ni na koya wa likitar nan neman jijiya. Hannunta rawa yake yi, ni na riƙe shi. Yanzu in mutum ya farfaɗo, ita ake yi wa godiya, ita da wannan abin mai ƙara. Ni ko gaisuwa sai an tuna. Na ce bari su rasa ta yini ɗaya, su zo su ce, Baba taimaka. Ɗaya tak, Sufeto."

"Da yarinyar ta tafi a hannunka fa?"

"Ba ta tafiya."

"A shekara talatin ba wanda ya tafi?"

Baba ya kalli yatsunsa. "Huɗu," ya ce. "Ina sane da sunayensu."

Sufeto ya san wannan ciwon sarai, da shi ya fito daga ofis da safen nan, kuma bai ji daɗin ganin inda yake kai mutum ba. Ya bar ankwa a aljihu, ya ce su tafi.

Hanyar fita ta gaban ɗakin tiyata take. An riga an shigar da yarinyar. Ta bayan ƙofa ana jin ƙarar na'urar, ɗis, ɗis, ɗis. Baba ya tsaya cak, ya karkata kunne, leɓensa na ƙirga.

Can ƙarar ta yi ƙasa. Ya zabura zai tura ƙofa, Sufeto ya riƙe shi. Suka ji muryar likitar a nutse tana cewa a ƙara iska. Ƙarar ta hau, ta daidaita.

"Da ni ne," in ji Baba a hankali, "sai nan da minti biyu zan gani."

Ya miƙa wa Sufeto hannayensa biyu da kansa.